BABI NA BIYU: RABILU MUSA IBRO, TARIHINSA DA WASANNINSA NA BARKWANCI

2.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an kawo ma'anar barkwanci da matsayinsa a adabin Hausa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin mutumin da wannan kundi ya ɗauka domin nazari, watau marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda jama'a suka fi sani da Ibro ko Ɗan Ibro. Za a dubi ƙasar da ta haife shi, da gadon wasa da ya tarar, da yadda ya bar aikin gwamnati ya rungumi wasan kwaikwayo, da ire-iren mutanen da ya riƙa kwaikwaya, har zuwa ɗaurin da aka yi masa a 2008 da rasuwarsa a 2014.

Kafin a shiga ciki, akwai wata tambaya da ya kamata a share. Mai karatu yana iya cewa Ibro bai wallafa littafi ba, to don me za a jera shi cikin masu ƙirƙirar adabi? Amsa ita ce, adabin Bahaushe bai taɓa tsayawa a kan takarda kaɗai ba. Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ba da alƙalami suka yi waƙoƙinsu ba, amma babu mai musun cewa nasu ne. Haka kuma finafinan barkwanci, waɗanda ake kira camama, galibi ba a rubuta musu magana dalla-dalla. Akan tsara gundarin labari ne kawai, ɗan wasa ya cike sauran da bakinsa a gaban na'urar ɗaukar hoto. Saboda haka mafi yawan abin da ya fito daga bakin Ibro a wasa, shi ne ya ƙaga shi, kuma a kan wannan hujja ce aka ɗora wannan nazari.

2.1 ƘASAR DA TA HAIFE SHI

Garin Ɗanlasan yana cikin Ƙaramar Hukumar Warawa ta Jihar Kano, a tsakanin birnin Kano da Wudil. Wannan yanki wani ɓangare ne na karkarar da ta kewaye birnin Kano, wadda ta haɗa da Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa ta fuskar arewa, da kuma Kumbotso da Dawakin Kudu da Warawa ta fuskar kudu. Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka buga nazarinsu a kan wannan karkara, inda suka nuna cewa tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma.

Duk wanda ya san yankin ya san abin da ake nufi. Gona tana manne da gona, gida yana hango gida, kuma babu isasshen filin da za a bari ya yi saura. Gonar da aka noma bana ita za a noma baɗi, don haka taki shi ne ran noma. Shekaru aru-aru jakai suna shiga birni da itace da rani, su komo da takin da aka kwaso daga bololin birni. Ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, a ƙarƙashin itatuwan ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya. Tun da gonar kowane magidanci ƙarama ce, da wuya noma kaɗai ya riƙe gida. Da an gama girbi sai kowa ya koma wa wata sana'a, wani saƙa, wani dukanci, wani fawa, wani dillanci, wani kuma ya tafi cin rani birni ya yi dako ko gadi ko ga-ruwa.

Wannan yanayi ya haifar da wani irin mutum na musamman, watau baƙauyen da ya san birni, yana shiga yana fita, amma ɗan birni bai daina yi masa kallon baƙauye ba. Bugu da ƙari, kasuwar Wudil da take ci ranar Juma'a, wadda ta yi suna wajen cinikin shanu, takan tara Fulani makiyaya da dillalai da mahauta da direbobi da masu tallar magani da maroƙa a wuri guda. Yaron da ya tashi a nan, in dai yana da kunne da ido, ba ya rasa wanda zai kwaikwaya.

2.2 GADON DA YA TARAR

Kwaikwayon halayen mutane domin raha daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Ana iya kasa gadon da Ibro ya tarar gida huɗu.

Na farko shi ne tashe, wanda yara da samari suke yi daga goma ga watan azumi. A tashe akan sa wa yaro gemun auduga ya zama tsoho, wani ya ɗauki tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, wani ya yi shigar Macukule, a birnin Kano kuma ga Nalako da tashensa na gwauraye. Abin lura a nan shi ne, tashe ba ya kama sunan wani mutum guda. Irin mutum yake ɗauka, ya ƙara masa gishiri har kowa ya gane shi.

Na biyu shi ne 'yan kama, waɗanda C. G. B. Gidley ya yi nazarin sana'arsu a 1967. Su kan yi shigar malamai, su ɗauki salon karatu ko wa'azi ko wata sananniyar waƙa, su cusa zancen tuwo da fura da nama a ciki. A gefensu akwai 'yan gambara a kasuwanni da wawan sarki a fada, wanda yake iya faɗa wa sarki abin da bafade ba zai iya ba.

Na uku shi ne wasan barkwanci na al'ada da ke tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, da kuma tsakanin al'ummomi, kamar Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarabawa. Wannan wasa yana da ƙa'ida: wanda aka tsokana ba ya fushi, domin shi ma yana da damar ramawa.

Na huɗu shi ne adabin zamani. A littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya zama abin dariya duk da sunan malanta da yake ɗauke da shi. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930, ya tsara wasan Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, a kan yadda 'yan kasuwar birni suke zaluntar mutanen karkara. Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Jatau na Kyallu. Da talabijin ta zo, sai aka sami Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos, da Golobo a Sakkwato, da shirin Kuliya Manta Sabo a Kano. Waɗannan su ne ake kallo a lokacin da Ibro yake tasowa.

2.3 HAIHUWARSA DA KARATUNSA DA AIKINSA

An haifi Rabilu Musa a Ɗanlasan a shekarar 1971. A nan ya yi makarantar firamare, daga bisani ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. A 1991 ya shiga aikin gidan yari, watau ya zama gandiroba, ya kuma yi kimanin shekara takwas yana wannan aiki kafin ya ajiye shi ya koma wasan kwaikwayo gaba ɗaya.

Bai kamata a wuce wannan mataki na rayuwarsa da gaggawa ba. Gidan yari wuri ne da yake tara ɓarawo da ɗan damfara da mashayi da wanda bashi ya kai shi da wanda aka zalunta. Gandiroba kuma kullum yana cuɗanya da ɗan sanda da alƙali da magatakardan kotu. Ma'aikacin da ya shekara takwas a irin wannan wuri ya ga yadda mai ƙaramin iko yake kumbura a gaban na ƙasa da shi, ya kuma ga yadda yake rusunawa idan na sama ya shigo. Mai wannan nazari yana ganin cewa ba banza ba Ibro ya ƙware wajen fitowa a matsayin mai kaki ko mai shari'a.

2.4 SHIGARSA HARKAR FIM

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama ne a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sana'ar ta bunƙasa ƙwarai, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, kuma a wannan shekarar ce mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood. Sai dai mafi yawan finafinan wannan lokaci na soyayya ne, masu waƙa da rawa irin na Indiya, ana ɗaukar su a manyan gidaje da lambuna da motoci masu tsada. Manomin Gezawa ko na Warawa yana iya kallo ya ji daɗi, amma ba zai ga gidansu a ciki ba.

A nan ne camama ta sami gurbi. Fim ne mai araha, ana ɗaukarsa cikin 'yan kwanaki, sau da yawa a ƙauyukan da ke kewayen Kano, a zaure da bakin kasuwa da gindin bishiya. Fim ɗin 'Yar Mai Ganye yana cikin na farko da suka fito da sunan Ibro. Daga nan sunan ya zama jari, har ya kasance ana liƙa shi a gaban sunan fim domin ya sami kasuwa, kamar Ibro Awilo da Ibro Usama da Ibro Ɗan Indiya da Ibro Aloko. Ya yi wasa tare da 'yan barkwanci irin su Ciroki da Baba Ari da Bosho da Daushe, kuma a tsakaninsu shi ake kira Ciyaman, watau shugaba. Jar hularsa kaɗai ta isa ta sa yara su fara dariya tun bai buɗe baki ba.

2.5 IRE-IREN MUTANEN DA YA KWAIKWAYA

Idan aka dubi finafinansa a dunƙule, za a ga cewa Ibro ba ya sauya kansa domin ya dace da rawar da aka ba shi. Rawar ce take shigowa cikin rigar Ibro. Ko wane irin matsayi ya hau, halayen nan nasa suna nan: kwaɗayi, da cika baki, da tsoro idan ta yi tsami, da wayon da a ƙarshe yake komawa kan mai shi. Masu nazari da dama za su ga kamannin Gizo na tatsuniya a nan. Ana iya rarraba mutanen da ya kwaikwaya kamar haka:

(a) Baƙauye a birni. Wannan shi ne tushen wasansa. Mutum ne da ya zo neman kuɗi, bai san ƙa'idar wurin ba, amma ba zai taɓa yarda cewa bai sani ba. Yakan karya Turanci da ƙarfin hali, ya yi wa kayan zamani fassarar da ta ga dama. A zahiri shi ake yi wa dariya. Amma idan aka lura, tambayoyinsa na wauta sukan tona asirin ɗan birnin da ke gabansa, wanda shi ma iliminsa na aro ne.

(b) Mai ɗan ƙaramin iko. A nan akwai mai gadi da ɗan sanda da alƙali da mai unguwa. Ibro yakan nuna mutumin da aka ba wa sanda ya tsare ƙofa, sai ya ɗauki kansa mai gidan. Talaka ya san wannan mutum sarai, domin shi yake tare shi a hanya da bakin ofis, ba gwamna ko minista ba.

(c) Malamin tsibbu da boka da mai maganin kasuwa. Wannan gadon 'yan kama ne da Jatau mai magani kai tsaye. Abin da ake zolaya a nan shi ne mai cin abinci da jahilcin mutane, tare da su mutanen da suke kai kansu.

(d) Mutanen wasu al'ummomi, kamar Bafulatani da Bagwari da Buzu, inda ake kwaikwayon karin harshensu da shigarsu. Wannan ya samo asali daga tashe da wasan barkwanci na al'ada, kuma shi ne ɓangaren da ya fi jawo suka, kamar yadda za a gani a gaba.

(e) Mashahuran duniya. A Ibro Awilo ya ɗauki mawaƙin nan na Kwango, Awilo Longomba, wanda waƙoƙinsa suka cika Nijeriya a wancan lokaci. A Ibro Usama na 2002 ya fito a matsayin Usama bin Ladan, watanni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka, a daidai lokacin da hotunan mutumin suke manne a jikin motoci da shaguna a Kano. A 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, aka yi Ibro Saddam. A Ibro Ɗan Indiya kuwa, finafinan Indiya ya zolaya, tare da 'yan uwansa 'yan fim da suke kwafarsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Matthias Krings na ƙasar Jamus duk sun yi rubutu a kan wasu daga cikin waɗannan finafinai. Hikimar da ke ciki ita ce, duk girman abin da ya girgiza duniya, idan ya shigo hannun Ibro sai ya koma daidai da rigimar ƙauye, wadda mai kallo zai iya aunawa da hankalinsa.

2.6 IBRO DA HUKUMA

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000, gwamnati ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Tun a kan Ibro Usama aka fara ce-ce-ku-ce, domin wasu malamai sun ga cewa bai dace a mai da irin wannan batu abin dariya ba. Amma babbar rigimar ta zo ne bayan 2007. A wannan shekara wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa ya tayar da ƙura, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka tsaurara dokoki, aka kuma riƙa gurfanar da 'yan fim a gaban kotun tafi-da-gidanka. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008, 'yan fim da yawa kuma suka kwashe aikinsu zuwa Kaduna da Jos.

A watan Oktoba na 2008 abin ya faɗo kan Ibro. An kama shi tare da abokin aikinsa Lawal Ƙaura, kotun ta yanke musu hukuncin ɗaurin wata biyu. Tuhumar ta shafi wata rawa da aka ce ta saɓa wa tarbiyya a cikin Ibro Aloko, da kuma batun rajistar kamfani. Sai dai a bakin jama'a wani dalili ne daban yake yawo. A cikin fim ɗin akwai wata waƙa da aka sani da Mamar, wadda ta sa aka laƙaba wa wani yadi mai ratsi-ratsi wannan suna, har ta kai yara suna tsokanar duk wanda suka gani sanye da shi. Mutane da dama sun danganta yadin da irin tufafin da gwamnan lokacin yake sawa. Ko wannan zato gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ya nuna abu guda: waƙar ɗan camama ta iya sa magidanta suka ninke rigunansu suka ajiye a akwati.

Ta haka ne tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Martaninsa kuwa irin na sana'arsa ne. A fim ɗin Kotun Ibro shi ne ya hau kujerar alƙali, ya mai da shari'ar gaggawa abin dariya, kuma masu kallo ba su buƙaci a gaya musu inda aka dosa ba. Bahaushe ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

2.7 RA'AYOYIN JAMA'A GAME DA WASANNINSA

Masu sukar Ibro sun kasu kashi uku. Kashi na farko suna ganin wasansa shashanci ne da ɓata lokaci, kuma yara suna ɗaukar maganganun rashin kunya daga ciki. Kashi na biyu, waɗanda suka haɗa da wasu 'yan fim, suna ganin camama aikin gaggawa ne maras inganci, labari ɗaya ake ta juyawa. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, domin yawan finafinan da ya fito a ciki ya sa da yawansu ba su da wani abin kirki in ban da shi kansa. Kashi na uku su ne masu cewa kwaikwayon Bafulatani ko Bagwari ko baƙauye yana dasa raini a zukatan mutane.

Wannan suka ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi. A wasan barkwanci na al'ada, Babarbare yana tsokanar Bafulatani ne ido da ido, shi kuma ya rama nan take. A fim kuwa wanda aka kwaikwaya ba shi da bakin ramawa, kuma kaset ɗin yana zuwa garuruwan da ba su san ƙa'idar wasan ba. Duk da haka, akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni. Manyan masu kallon Ibro su ne mutanen karkara da 'yan cin rani da direbobi da matan aure a cikin gidaje, watau su waɗanda ake cewa ya raina. Da sun ji raini a ciki, da wuya su riƙa biyan kuɗinsu a gidajen kallo na ƙauye. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne sun ɗauke shi a matsayin ɗan gida, wanda yake da damar tsokanarsu kamar yadda jika yake tsokanar kaka.

2.8 RASUWARSA

Ibro ya yi fama da ciwon ƙoda a ƙarshen rayuwarsa. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ranar 10 ga Disamba, 2014, yana da kimanin shekara 43, aka kai shi mahaifarsa Ɗanlasan aka yi masa sutura. Labarin rasuwarsa ya bazu har Nijar da Gana da Kamaru da sauran wuraren da ake jin Hausa. Abokan wasansa sun ci gaba da sana'ar, sababbin 'yan barkwanci kuma sun taso a YouTube da TikTok, inda gajerun yankuna na tsofaffin finafinansa suke ta yawo a wayoyin yaran da ba su riski zamaninsa ba. Allah ya jiƙansa, amin.

2.9 KAMMALAWA

A wannan babi an ga cewa Rabilu Musa Ibro ɗan karkarar Kano ne, inda ƙarancin gona yake tilasta wa manomi shiga birni neman abin rufin asiri, kuma daga wannan shiga da fita ne ya samo babban tauraron wasansa. An ga cewa ya gaji tashe da 'yan kama da wasan barkwanci na al'ada da wasannin talabijin, ya zuba su a cikin fim ɗin bidiyo. An kuma ga yadda aikin gidan yari ya ba shi sanin masu ƙaramin iko, da yadda sana'arsa ta kai shi ga ɗauri a 2008. A babi na gaba za a ɗauki zaɓaɓɓun finafinansa ɗaya bayan ɗaya, domin a nazarci jigoginsu da dabarun sarrafa harshe da ya yi amfani da su.